Yunit Ɗaya, Zafi Ɗaya: Martani Kan Hitar da Aka Ce Ba Ta Shan Wuta

Malam, na karanta rubutunka kan sanyin hunturu da yadda mutanenmu na Wurma da sauran garuruwan Kurfi da Dutsin-Ma za su kare iyalinsu daga gare shi. Rabin farko ba ni da ja a kansa. Ka ce kwana da kaskon garwashi a rufaffen ɗaki wasa da rai ne, ka ce itace ya yi tsada, daji kuma ya ƙi shiguwa. Duk haka ne. Inda muka raba hanya shi ne maganin da ka kawo. Ka shawarci magidanta su sayi sabuwar hitar nan da ake talla cewa ba ta shan wuta, ka kafa hujja da abin da aka rubuta a jikin kwalinta, ka kwatanta ta da ƙwan lantarkin LED, sannan ka jefa masu shakka a kanta cikin sahun masu ƙin duk wani sabon abu. Ina cikin masu shakkar. Gyara kayanka dai bai zama sauke mu raba ba.

Mu fara daga cikin hitar. Mai jan ƙarfe ce, mai fanka ce, mai mai a ciki ce, mai tangaran ɗin nan da ake yayi ce, ko 'yar sandar da ake tsomawa a bokiti, aikinsu ɗaya. Wutar lantarki na bi ta cikin wani abu da ba ya barinta ta wuce salin-alin, turjiyar nan ita ke zama zafi. Wani Bature ɗan Ingila, James Joule, ya auna wannan ya wallafa lissafinsa tun 1841, kuma har gobe da shi injiniyoyi ke aiki. Wayar da ke yin ja a cikin hita da dutsen guga, wadda haɗin ƙarfen nikel da kuromiyam ce, wani Ba'amurke mai suna Albert Marsh ya yi mata rajista a 1906. Tun daga nan abin da ya fi sauyawa shi ne robar waje da fitilun ado da rimot.

Ɗan sakandare ma ya san ƙa'idar daga darasin fiziks: makamashi ba a ƙirƙirarsa, ba ya kuma ɓacewa, kama kawai yake sauyawa. Na'ura mai wat 1,000 in ta yi awa guda a kunne ta sha yunit ɗaya a mita. Zafin da ke cikin yunit ɗayan nan ƙayyadadde ne, ba ya ƙaruwa don an sayi hitar da tsada. Tiyar gero, ka kai ta sabon injin niƙa a Dutsin-Ma ko ka ba mata su daka a turmi, garin da ke cikinta shi za ka samu. Inji ba ya ƙaro ƙwaya.

Ka yi ta nanata cewa kwalin ya ce hitar tana mayar da kusan kashi 100 cikin 100 na wutar da ta sha zuwa zafi. Ban ƙaryata kwalin ba. Abin da ya ɓoye maka shi ne tsohuwar hita mai tsatsa ta hannun ɗan gwanjo ita ma haka take. A sauran kayan wuta zafi shi ne asara. Fanka ta ɗau zafi, wutar da ya kamata ta juya ta ce ta zurare. Cajar waya ta ɗau zafi, haka nan. A hita kuwa zafin ake nema, to ina asarar za ta nufa? Ko ɗan hasken da take yi da kaɗawar fankarta, a cikin ɗakin suke ƙarewa su zama ɗumi. Abin da ya riga ya kai ɗari bisa ɗari, ta ina za a ƙara inganta shi?

Nan ne kwatancenka da ƙwan LED ya karye, kuma a ganina shi ne tarkon da ke kama mutane da yawa, ba kai kaɗai ba. Sauƙin LED mun gan shi da idonmu. Ƙwai mai wat 9 ya ba mu hasken da da sai mai wat 60, shi ya sa duk abin da aka liƙa wa sunan mai tattalin wuta zuciya ke saurin amincewa da shi. Amma me ya sa aka samu wancan sauƙin? Tsohon ƙwai mai zare fiye da kashi 90 cikin 100 na wutar da yake sha zafi take zama, 'yar ragowar ce haske. Akwai ɓarna jingim da za a rage, aka rage ta. Tambayi duk mai kiwon kaji a Wurma: in ya sayo 'yan tsaki a watan Janairu, tsohon ƙwan nan mai zafi yake nema ya rataya musu, don ya san LED ba zai ɗumama su ba. LED ya yi tattalin wuta ne ta hanyar daina yin zafi. Hita in ta bi wannan hanya ta tashi daga hita.

To daga ina masu talla ke samo alƙaluman ragin da suke bugawa? Juya bayan na'urar ka karanta 'yar takardar da ke manne. Yawancin ƙananan nan da ake sokawa kai tsaye a soket ba su wuce wat 400 ko 500 ba. Kunna mai wat 500 awa shida, ta sha yunit 3. Kunna mai wat 1,500 awa shida, ta sha yunit 9. Ɗan talla sai ya ce ga shi an rage maka kashi biyu cikin uku na kuɗin wuta. Bai yi ƙarya a lissafi ba, ya dai haɗiye rabin zancen: zafin ma kashi ɗaya cikin uku ka samu. Da ka juya makunnin tsohuwar hitarka zuwa mataki na ƙasa, da ka samu wannan ragin ba tare da ka fitar da ko sisi ba.

Lissafin ya fi fitowa fili a ruwa, kuma ruwan shi ne ainihin buƙatarmu. Sanyinmu ba na ƙanƙara ba ne. Daga Disamba zuwa Fabrairu ne, cizonsa kuma da asuba yake, lokacin alwala da wankan yara kafin makaranta. Ɗauki bokiti mai lita 20 da ruwansa ya kwana a waje ya sauka digiri 15, kana son ya kai 45 don wanka. Ruwa yana da ma'auninsa da ba ya canzawa, wannan aiki yana cin kusan yunit 0.7. Hita mai wat 2,000 za ta gama a kamar minti 21. Mai wat 1,000 minti 42. Mai wat 500 sai ta kusa awa ɗaya da rabi. Dukkansu yunit 0.7 ɗin nan za su ci. Ƙaramar ma ta ɗan fi ci, domin tsawon lokacin da take jan ƙafa ruwan na ta sakin zafinsa ga iskar hunturu.

Akwai abubuwan da zan ba ka, don kada a ce na toshe kunne. Hitar da ke yanke wuta da kanta idan ɗaki ya yi ɗumi ta fi wadda ke ci har safe, amma wannan makashi tsohon abu ne, yana cikin dutsen gugar da ke gidanka. Mai tangaran tana rage jan wuta idan ta yi zafi sosai, ta wannan fuska ta fi aminci. Mai jan haske da ke jefa zafi kai tsaye a jikin wanda ke gabanta tana iya wadatar da mutum ɗaya da wat kaɗan, domin mutumin take ɗumamawa, ta ƙyale bango da rufi. Bargon lantarki ya fi su duka a wannan dabara, da yawa ba sa wuce wat 100. Duk waɗannan hikimomi ne na inda za a kai zafin da lokacin da za a yanke shi. Babu ɗaya a ciki da ke fitar da zafi biyu daga yunit ɗaya, alhali tallar da ka yarda da ita so take mai saye ya ɗauka cewa hitarta na yin hakan.

Ba a kanmu aka fara wannan ciniki ba. A farkon 2023, lokacin da kuɗin makamashi ya yi tashin gwauron zabo a Turai bayan ɓarkewar yaƙin Rasha da Yukiren, hukumar sa ido kan tallace-tallace ta Birtaniya, ASA, ta haramta tallar wasu ƙananan hitoci irin waɗannan na soket, saboda suna nuna wa jama'a cewa hanya ce mai arha ta ɗumama gida alhali ba su kawo hujja ba. Mu ma muna da SON mai kula da ingancin kaya da ARCON mai kula da talla. Kafin su waiwayo kan kwalin hita, mai saye shi ne hukumar kansa.

Na'ura ɗaya ce na sani da ke ba da ɗumi fiye da wutar da ta sha, ita ma ba sihiri take yi ba. Ba ta ƙirƙirar zafi, janyo shi take daga iskar waje ta turo cikin ɗaki, wato aikin firji ne aka juya. Masanin nan Lord Kelvin ya bayyana dabarar tun 1852. Da yunit ɗaya tana iya shigo da zafin yunit uku ko huɗu, shi ya sa fiye da rabin gidajen ƙasar Nowe da ita suke fama da sanyinsu. Na'urar sanyaya ɗaki irin wadda ake iya juyawa ta hura ɗumi, ita ce wannan. Tana da kwamfaresa, tana da rabi a ciki rabi a waje, kuɗinta kuma kuɗin na'urar sanyaya ɗaki ne. Abin da ke shiga aljihun riga, ake sayarwa a kan baro ranar kasuwa, ba ita ba ce.

Yanzu mu dawo gida. A ranar 3 ga Afrilu 2024 hukumar kula da harkar lantarki, NERC, ta ɗaga farashin yunit ga 'yan rukunin A, waɗanda aka yi wa alƙawarin awa 20 a rana, zuwa naira 225, daga baya ya ɗan sauko zuwa wajen 209. A wannan farashi, hita mai wat 1,500 awa shida kowane dare ta haura naira 56,000 a wata, a ƙasar da mafi ƙarancin albashin da aka sa wa hannu a Yulin shekarar naira 70,000 ne. Za ka ce ai ƙauye ba ya rukunin A. To, sauran rukunan farashinsu bai kai rabin wancan ba, amma awoyinsu ma haka suke raguwa, har a kai rukunin E da alƙawarinsa awa 4 ne kacal. Wa ya ce awa huɗun nan za su faɗo tsakanin ƙarfe uku na dare da sallar asuba? Ba mu manta da Oktoban 2024 ba, da aka lalata babban layin wuta na Shiroro zuwa Kaduna, ɗaya layin da ke biyowa ta Binuwai shi ma ya samu matsala, Katsina da Kano da Jigawa, yankin kamfanin rarraba wuta na KEDCO baki ɗaya, da wasu jihohin Arewa suka yi fiye da mako a duhu. Da a ce a tsakiyar hunturu abin ya faru, mai hita da marar hita bargo ɗaya za su ja.

Ko wutar ta zo, sau da yawa ba ƙarfi. Hitar da aka ƙera don bolt 230, idan abin da ke isowa ƙarshen layi 180 ne, mai wat 1,000 ba za ta ba da fiye da 600 da 'yan kai ba. Mai gida ya ga mita ba ta gudu sai ya ce lallai wannan ba ta shan wuta, alhali abinci ne bai ishe ta ba.

Janareta fa? Ƙaramin nan da ya fi yawa a gidaje da shaguna bai kai wat 1,000 ba, kana jona masa babbar hita zai shaƙe ya mutu. Babba kuwa, tun da aka cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayu 2023, wa zai ƙona mai ya samar da lantarki don ya sake mayar da shi zafi, bayan mafi yawan zafin man ya riga ya fice ta salansa a tsakar gida? Masu sola sun fi kowa sanin wannan zance, ka tambayi yaran da ke haɗa ta a Dutsin-Ma. Batir mai bolt 12 da amfiya 200 yunit 2.4 yake ɗauka, kuma irin mai ruwa ba a son a zuƙe fiye da rabinsa. Yunit 1.2 ke nan. Ƙwayayen LED biyar za su yi fiye da kwana guda cur a kansa. Hita mai wat 1,500 ba za ta cika minti 50 ba. Shi ya sa gargaɗin farko da mai haɗa sola ke yi wa matan gida shi ne kada a kuskura a jona hita ko dutsen guga.

Ka ma auna ta a ma'aunin jiha. Tashar lantarki mai aiki da iska ta Lambar Rimi, wadda aka faro tunaninta tun marigayi Umaru Musa 'Yar'adua yana gwamna, megawat 10 aka tsara mata. Ko da kowace fanka a cikinta na juyawa da cikakken ƙarfi, hita mai wat 1,500 guda 7,000 sun fi ƙarfinta. Gidaje nawa ne a Kurfi da Dutsin-Ma kaɗai?

Abin da ya fi damuna da shawararka shi ne illar da kalmar "ba ta shan wuta" ke yi a gidan da ba mita, kuma kimanin rabin masu amfani da wuta a Najeriya ba su da ita. Wanda ake kawo wa bil na ƙiyasi ba shi da abin da zai nuna masa gaskiya. An ce masa ba ta ci, sai ya bar ta har safe, ya ƙaro ta biyu a ɗakin yara. Maƙwabta su yi koyi. Tiransifomar da aka kafa don fitilu da fankoki ta ɗauki abin da ya fi ƙarfinta ta ƙone, a koma karo-karo da zaman wata da watanni a duhu. A cikin gida kuma, hita mai wat 2,000 tana jan kusan amfiya 9, ga siririyar waya da soket ɗin jone-jone mai arha. Ita ta bokiti labarinta sananne ne, duk hunturu sai jami'an kashe gobara sun yi gargaɗi a rediyo: an tsoma ta, an ɗauke wuta, an manta an kwanta, an kawo wuta tsakar dare, ruwa ya ƙone, roba ta kama. Ka gudar da mutane daga hayaƙin garwashi, ka yi daidai, amma ka bar su a gaban wata wutar ba tare da ka ce musu uffan ba.

Batun itatuwa da ka kawo yana da nauyi, ban raina shi ba. Kowa ya ga yadda gonakinmu suka yi fayau, kuma shiga dajin Rugu neman itace ya daɗe da zama sayar da rai. Sai dai mafi yawan itacen da gida ke ƙonawa a girki yake tafiya, safe da dare, rani da damina. Jin ɗumi na 'yan makonni ne. Hitar ɗaki ba ta tuƙa tuwo. Wanda ke son ya ceci bishiya, murhu mai tattalin itace ko tukunyar gas ya kamata ya yi wa kamfe. Nan akwai ɓarnar gaske da za a rage, domin murhun duwatsu uku mafi yawan zafinsa iska ke kwashewa ta gefen tukunya.

Tattalin da kake nema yana nan, sai dai a jikin ɗakin yake. Tsofaffinmu da ke kwana a soron ƙasa mai kaurin bango da rufin azara ba su san wannan rawar ɗari da muke yi ba. Ƙasa ta sha rana wuni guda, da dare ta riƙa sako ɗumin a hankali. Muka rushe muka yi na bulo da kwano, da yawa ba silin, ga taga mai gilasai da ba ta rufuwa ruf, ga rata a ƙasan ƙofa da kyanwa za ta iya bi. Irin wannan ɗaki ko hitar da ta fi kowace tsada ka sa masa, sararin samaniyar Wurma kake ɗumamawa. Kuɗin hita da na wutar wata biyu, a zuba su a silin ko da na tabarma ne, da labule mai kauri, da tsumma a ƙasan ƙofa, da bargo da safa da hular sanyi ga yara. Silin ɗin zai sake biyan ka a watan Afrilu idan kwano ya fara gashi. Ruwa kuma mata sun riga mu sanin dabara: a ɗora tukunya a kan ragowar garwashin tuwon dare, a juye a kula ko filas, ya kai asuba da ɗuminsa. Baƙar jarka da aka bari a rana tun hantsi tana ba da ruwan wankan la'asar ba tare da mita ta motsa ba.

Zargin ƙin zamani kuwa bai zauna ba. Mutanen nan da kake wa kallon masu taurin kai su ne suka rungumi sola da fitilar caji da injin ban-ruwa a bakin madatsar Zobe ba tare da wani ya roƙe su ba, don sun gwada sun ga amfani. Wanda ya ce a nuna masa kafin ya saya bai yi laifi ba, ballantana manomin da kuɗin hitar nan daga buhun da ya ajiye don damina zai fito.

Gwajin ma ba shi da wuya. Jami'ar Tarayya da ke Dutsin-Ma, wadda aka kafa a 2011, tana da sashen fiziks, kuma ko ba a je can ba, duk gidan da ke da mitar kati ya isa. A samu ɗakuna biyu masu girma ɗaya da rufi iri ɗaya, a kashe komai na gidan, a kunna taka mai tattalin a ɗaya har mita ta ci yunit 2, a rubuta abin da ma'aunin zafi ya nuna. A kunna tsohuwa a ɗayan har ita ma ta ci yunit 2. Washegari a musanya ɗakunan a sake. In kuma ta ruwa ce a hannunka, abin ya fi sauƙi: lita 20, daga digiri 15 zuwa 45, a duba mita kafin da bayan. Ka kawo hitar da kwalinta, ni zan kawo bokiti da ma'auni, mu ga ko za ta yi shi a ƙasa da yunit 0.7.